Sauya Bututu da Murfin Bindigar Hannu Domin Canza Kaliba: Yadda Abin Yake da Matsalolin da Ya Haifar

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa duba rajistar makamai, ta soja ce ko ta 'yan sanda, zai tarar ana rubuta abubuwa huɗu game da kowace bindiga: sunan kamfanin da ya ƙera ta, da samfurinta, da lambarta, da kuma kalibarta, watau awon harsashin da take ci. An daɗe ana ɗaukar waɗannan abubuwa huɗu tamkar zanen dutse, wanda ba ya gogewa tun daga ranar da bindiga ta fito daga masana'anta har ranar da za a narkar da ita. To amma a yau akwai bindigogin hannu da yawa waɗanda ake iya cire musu bututu, ko kuma bututu da murfi gaba ɗaya, a ɗora wasu, sai su koma cin wani harsashi dabam da wanda aka rubuta a jikinsu.

Makasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda wannan sauyi yake yiwuwa, da inda iyakarsa ta tsaya, da dalilan da suka sa maƙera da masu amfani da bindiga a Amurka da Turai suka rungume shi. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, kaliba yarjejeniya ce tsakanin sassa biyar ko shida na bindiga, kuma faɗin ramin bututu ɗaya ne kawai daga cikinsu. Daga nan za mu duba tambayar da wannan al'amari ya jefa wa masu doka da masu binciken laifi, watau wane sashe ne ya cancanci a kira shi bindiga idan kowane sashe yana iya tafiya ya bar saura.

2.0 Sassan da za mu riƙa ambata

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kan kalmomin da za mu yi amfani da su. Bindigar da muke magana a kanta ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Ba mu sa libarba a ciki ba, domin tsarinta dabam ne.

Harsashi yana da sassa huɗu. Akwai ƙwaya, wadda ita ce ke fita ta bututu. Akwai kwanso, wanda yawanci na farin ƙarfe ne ko na tagulla, shi ke riƙe da komai. Akwai albarushi a cikin kwanson. Sa'an nan akwai makunni a gindinsa, wanda ke tartsatsi idan an buge shi.

Ita kuwa bindigar, manyan sassanta su ne:

(a) Gangar jiki, watau ɓangaren ƙasa mai ɗauke da mariƙi da kunama. A kansa ne ake kafa wani ɗan ƙarfe da za mu kira matunkuɗi, mai tunkuɗe kwanso waje.
(b) Murfi, watau ƙarfen sama mai zamiya gaba da baya a kan gangar jiki. A cikinsa akwai allurar da ke bugun makunni, da ƙugiyar da ke kama bakin gindin kwanso, da kuma wurin da gindin kwanson ke jingina, wanda za mu kira fuskar murfi.
(c) Bututu, wanda ƙarshensa na baya shi ne mazaunin harsashi, cikinsa kuma yana da tsagi masu murɗawa da ke sa ƙwaya ta riƙa juyawa.
(d) Sifirin mai mayar da murfi gaba.
(e) Gidan harsashi, wanda ake turawa ta ƙarƙashin mariƙi.

Idan an ja kunama, allura ta bugi makunni, albarushi ya kama, iskar da ya haifar ta tura ƙwaya gaba, ta kuma tura kwanso baya. A yawancin bindigogin zamani, waɗanda suka bi tsarin da John Browning ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, bututu da murfi suna komawa baya a haɗe na 'yan milimita kaɗan, har ƙwaya ta fita matsi ya sauka. Daga nan gindin bututu ya sunkuya ya saki murfi, murfi ya ci gaba da tafiya, ƙugiya ta jawo kwanso, matunkuɗi ya jefar da shi, sifirin ya mayar da murfi gaba, shi kuma ya kwaso sabon harsashi daga gidansa ya kai shi mazauni. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, kuma kowane mataki an auna shi ne bisa girma da ƙarfin harsashi guda.

3.0 Me ake nufi da kaliba?

A asali kaliba na nufin faɗin ramin bututu, ana auna shi da inci a Amurka da Ingila, da milimita kuma a sauran ƙasashen Turai. Sai dai sunayen da ake ba harsasai suna da ruɗarwa. Alal misali, akwai harsasai uku sanannu da ake kira masu milimita 9: mai kwanso milimita 17, da na Makarov na Rasha mai kwanso milimita 18, da Parabellum mai kwanso milimita 19. Babu ɗaya daga cikinsu da ke maye gurbin wani, kuma ƙwayar na Makarov ta ɗan fi ta sauran biyun kauri. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka, idan ana batun sauya kaliba, awo huɗu ake dubawa: kaurin ƙwaya, da faɗin gindin kwanso, da tsawon harsashi, da matsin da albarushi ke haifarwa. Ga waɗanda za mu fi ambata, tare da iyakar matsin da ƙungiyar maƙeran makamai ta Amurka, SAAMI, ta tsayar musu, ana ƙidaya shi da fam a kan kowane murabba'in inci:

(a) 9mm Parabellum, na Georg Luger, tun farkon ƙarni na 20: ƙwaya kusan milimita 9, gindi kusan milimita 10, matsi fam 35,000.
(b) .40 S&W, na 1990: ƙwaya kusan milimita 10.2, gindi kusan milimita 10.8, matsi fam 35,000.
(c) .357 SIG, na 1994: ƙwaya kusan milimita 9, gindi daidai da na .40, matsi fam 40,000. Kwansonsa yana da wuya kamar kwalba.
(d) .45 ACP, na Browning: ƙwaya kusan milimita 11.5, gindi kusan milimita 12.2, matsi fam 21,000.
(e) .22 LR, na 1887: ƙwaya kusan milimita 5.7, matsi fam 24,000. Makunninsa a gefen gindi yake, saɓanin sauran huɗun da nasu ke tsakiya.

Daga wannan jeri za a ga cewa kaurin ƙwaya da tsawon kwanso suna shafar bututu, faɗin gindi yana shafar fuskar murfi da ƙugiya da matunkuɗi, tsawon harsashi yana shafar gidan harsashi da mariƙi, ƙarfinsa kuma yana shafar nauyin murfi da taurin sifirin. Yawan awon da harsasai biyu suka yi tarayya a kai shi ne ke nuna yawan sassan da za a iya bari ba a taɓa ba.

4.0 Matakan sauyi uku

4.1 Sauya bututu kaɗai

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma yana yiwuwa ne idan harsasan biyu gindinsu ɗaya, tsawonsu kuma ya yi kusa. Misali mafi shahara shi ne tsakanin .40 S&W da .357 SIG. Da gangan aka yi wa na biyun gindi irin na farkon, saboda haka fuskar murfi da ƙugiya ba su san an yi wani sauyi ba, kuma a bindigogi da dama gidan harsashi ɗaya yana ɗaukar duka biyun. Haka abin yake tsakanin 9mm Parabellum da mahaifinsa, 7.65 Parabellum, domin Luger faɗaɗa wuyan kwanson 7.65 ya yi ya samar da na 9. Wannan ne ya sa bindigar SIG P210, wadda sojojin Suwizalan suka ɗauka a 1949, ake iya mayar da ita daga ɗaya zuwa ɗaya ta hanyar sauya bututu da sifirin.

4.2 Sauya bututu da gidan harsashi

Mataki na biyu shi ne inda gindin harsasan ya ɗan bambanta, kamar saukowa daga .40 zuwa 9mm. A nan bututun bindigar 9mm na asali ba ya zama daidai a cikin murfin .40, domin ramin da ke gaban murfin an huda shi ne don bututu mai kauri. Saboda haka kamfanoni suke ƙera bututu na musamman, wanda wajensa na .40 ne, cikinsa kuma na 9mm. Dole kuma a sauya gidan harsashi, domin leɓɓan gidan .40 sun yi wa harsashin 9mm faɗi.

Ko da an yi duk wannan, akwai abin da ya rage. Fuskar murfi ta fi gindin sabon kwanso faɗi da kusan milimita 0.8, ƙugiya ba ta kama shi da ƙarfin da aka nufa ba, matunkuɗi kuma ba ya dukansa a daidai inda ya kamata. Bindigar tana harbi, sau da yawa ma ba tare da wata matsala ba, amma tazarar da maƙeri ya bari domin datti da lalacewa da bambancin albarushi ta ragu. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaukar irin wannan sauyi a matsayin abin filin horo, ana kuma gujewa dogaro da shi a wurin da rai ya rataya a kan bindigar.

Ya kamata a lura cewa wannan hanya sauka kawai take yi. Ba a iya sa bututun .40 a cikin murfin 9mm, domin ramin gaba ya yi masa ƙanƙanta, fuskar murfin kuma ba za ta karɓi babban gindi ba.

4.3 Sauya murfi gaba ɗaya

Mataki na uku shi ne cire duk ɓangaren sama, watau murfi da bututu da sifirin, a ɗora wani, a kuma sa gidan harsashin da ya dace. Da yake fuskar murfi da ƙugiya da allura duk sababbi ne, matsalar da muka ambata a 4.2 ta kau. Abin da ya rage shi ne gangar jiki, ita kuma tana da iyakoki biyu. Na farko, ramin mariƙi ba ya ɗaukar harsashin da ya fi shi tsawo, saboda haka gangar jikin da aka auna don 9mm ba ta ɗaukar .45 ACP. Na biyu, ƙarfin da take iya jurewa. Lokacin da kamfanin Glock na Ostiriya ya fito da samfuransa na .40, sai da ya ƙara fil ɗaya a wurin da bututu ke dukan gangar jiki, wanda samfuran 9mm na lokacin ba su da shi. Ke nan ko da murfi ya hau ya zauna, wannan bai nuna cewa abin da ke ƙarƙashinsa zai jure ba.

Sauka zuwa .22 LR shi ma a wannan mataki yake. Allura dole ta bugi gefe maimakon tsakiya, sa'an nan ƙarfin harsashin ya yi kaɗan ƙwarai. Ƙwayar .45 tana da nauyin kusan giram 15, ta .22 kuwa kusan giram 2.6, turin da take yi baya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na babbar ba. Ba za ta iya motsa murfin ƙarfe mai nauyi da sifirin mai tauri ba. Don haka murafan .22 ake yin su da ƙarfe mara nauyi kamar alminiyam, da sifirin mai laushi, bututunsu kuma a kafe yake, ba ya kullewa da murfi.

5.0 Tarihi da dalilai

Dalili na farko, kuma mafi daɗewa, shi ne kuɗin horo. Sojojin Amurka sun ɗauki bindigar Colt mai cin .45 a 1911, harsashinta kuwa yana da tsada, dukansa kuma yana tsorata sabon ɗauka. A 1931 kamfanin Colt ya fito da samfurin Ace mai cin .22 a kan gangar jiki iri ɗaya, amma ya yi fama da matsalar ƙarancin turi da muka bayyana. David Marshall Williams, wani maƙeri daga jihar Karolina ta Arewa, shi ya kawo dabarar raba mazaunin harsashi da sauran bututu, ta yadda mazaunin zai ɗan motsa baya. Iskar albarushi tana shiga tsakaninsu ta tura mazaunin, shi kuma ya daki murfi da ƙarfin da ya ninka na harsashin. Da wannan dabara aka yi samfurin Service Model Ace, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 Colt ya fara sayar da murfin .22 shi kaɗai domin a ɗora a kan bindigar .45. Mai koyo yana riƙe mariƙi ɗaya, yana jan kunama ɗaya, da harsashi mai arha.

A Jamus, kamfanin Heckler & Koch ya kai abin wani matsayi a 1968 da samfurin HK4, wanda aka tsara tun farko ya ci harsasai huɗu: .22 LR, da .25, da .32, da .380. Kowanne yana da bututunsa da sifirinsa da gidan harsashinsa, fuskar murfin kuma ana juya ta domin allura ta koma bugun gefe ko tsakiya.

Dalili na biyu shi ne doka. A ƙasashen da aka ƙayyade yawan bindigogin da mutum zai mallaka, ko ake wahala kafin a sami lasisin kowace ɗaya, mai wasan harbi ya fi son gangar jiki ɗaya da murafa biyu ko uku. A Italiya kuma an shafe shekaru da yawa an hana farar hula mallakar bindigar hannu mai cin 9mm Parabellum, har zuwa 2022 da aka ɗage hanin, abin da ya sa kamfanoni suka riƙa sayar da samfura iri ɗaya da bututun 7.65 ko na 9 mai kwanso milimita 21.

Dalili na uku shi ne sauyin ra'ayin hukumomi. A ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'an hukumar FBI suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a yankin Mayami, aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar. Hukumar ta ɗora wani ɓangare na laifin a kan gazawar harsashin 9mm na lokacin, ta koma ga harsashi mai milimita 10, wanda daga gare shi aka rage tsawo aka samar da .40 S&W a 1990. Rundunonin 'yan sandan Amurka da yawa suka bi sahu. Bayan shekaru ashirin da 'yan kai, da ƙwayoyin 9mm suka inganta, hukumar ta sake nazari, ta koma 9mm, ta ba Glock kwangila a 2016. Da sauran rundunoni suka sake bin ta, tsofaffin bindigoginsu na .40 suka cika kasuwa da arha, masu sayensu kuma suka nemi bututun da zai sa su ci 9mm mai sauƙin kuɗi. Kasuwar bututun sauyi ta bunƙasa ƙwarai a wannan lokaci.

Mataki na baya-bayan nan shi ne na kamfanin SIG Sauer. A samfurinsa P250 na 2007, da P320 na 2014, an tattara kunama da duk abin da ke tare da ita a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da ake cirewa, kuma a jikin wannan akwati aka buga lambar bindiga. Mariƙi da murfi da bututu duk sun zama kamar tufafi, ana tuɓe su a sa wasu. A watan Janairu na 2017 sojojin Amurka suka zaɓi P320 ta maye gurbin Beretta M9 da suke amfani da ita tun 1985, suka sa mata suna M17, ƙaramarta kuma M18.

6.0 Haɗarin da ke ciki

Babban haɗari shi ne ruɗewa. Bindigar da aka sauya wa bututu tana ɗauke da rubutu biyu masu saɓani: murfi na cewa .40, bututu na cewa 9mm. Wanda ya yi sauyin yana iya mantawa, balle wanda ya gada ko ya ara. Idan ƙaramin harsashi ya shiga babban mazauni, ƙugiya tana iya riƙe shi har allura ta buge shi. Kwanson, da yake ba shi da bangon da zai jingina, sai ya kumbura ko ya tsage, iska mai zafi ta fito ta baya wajen hannu da fuskar mai harbi. Wani lokaci kuma harsashin yana zamewa cikin bututu ya maƙale, na bayansa ya zo ya same shi, bututu ya fashe. Ƙa'idar ita ce, rubutun da ke jikin bututu shi ake bi, kuma ba a haɗa gidajen harsashi na kaliba biyu a wuri ɗaya.

Na biyu shi ne rashin dacewar awo. Tazarar da ke tsakanin fuskar murfi da inda harsashi ke tsayawa a mazauni ana auna ta da ɗigon milimita. Idan ta yi yawa, gindin kwanso yana fita daga kariyar ƙarfe a lokacin da matsi ya kai fam dubu talatin da wani abu. Saboda haka ne ƙasashen Turai da dama suka wajabta gwajin bututu kafin a sayar. Gidan gwaji na Birmingham yana wannan aiki tun 1813, hukumar ƙasa da ƙasa ta CIP kuma, wadda aka kafa a 1914, ta tsayar da cewa a gwada bindigar hannu da harsashin da matsinsa ya haura na yau da kullum da kashi 30 cikin ɗari, sa'an nan a buga mata hatimi. A Amurka babu irin wannan tilas. Ƙa'idojin SAAMI, wadda aka kafa a 1926, na ganin dama ne. Yawancin manyan kamfanoni kuma ba sa ɗaukar alhakin bindigarsu idan an sa mata bututun wani kamfani.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne saiti. An daidaita ma'aunin saiti da ke kan murfi da nauyi da gudun ƙwaya guda. Idan an sauya ƙwaya aka bar murfi, harbi yana iya sauka sama ko ƙasa da inda aka nufa, sai an sake gwadawa.

7.0 Wane sashe ne bindiga?

A nan ne dokokin ƙasashe suka rabu gida biyu. Dokar tarayya ta Amurka ta 1968 ta ɗauki gangar jiki a matsayin bindiga. Ita ake wajabta wa lamba, ita dillali ke rubutawa a littafinsa. Bututu da murfi, a dokar tarayya, kayan gyara ne, ko da yake wasu jihohi sun ƙara nasu ƙa'idoji. A ƙarƙashin wannan tsari, ɗan akwatin kunamar P320 shi kaɗai ne bindiga, alhali ba shi da kaliba ko kaɗan.

Turai ta bi wata hanya. Dokar Tarayyar Turai ta 2017 ta lissafa bututu da gangar jiki da murfi duk a cikin muhimman sassa, ta kuma wajabta a yi wa kowannensu alama a sababbin bindigogi daga watan Satumba na 2018. A Jamus, wanda ya riga ya mallaki bindiga da lasisi yana iya sayen bututu ko murfin sauyi mai kaliba daidai da tata ko ƙasa da ita ba tare da sabon izini ba, amma dole a rubuta shi a katinsa na mallakar makami. Ta haka hukuma ta san kowace kaliba da bindigar ke iya ci.

A matakin duniya, yarjejeniyar gano asalin ƙananan makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2005 ta ce a buga lamba a gangar jiki, ta kuma ƙarfafa gwiwar a yi wa bututu da murfi alama ba tare da ta tilasta ba. A 2014 rahoton Babban Sakataren Majalisar ya ambaci makamai masu sassan sauyawa a cikin sababbin matsalolin da ke fuskantar wannan tsari. Matsalar a fili take. Glock, alal misali, yana buga lamba ɗaya a gangar jiki da murfi da bututu. Idan aka kama bindiga mai gangar jikin wata da murfin wata, za a ga lambobi biyu ko uku, kuma jami'in da ya rubuta ta murfi a takardar neman asali zai bi sawun wata bindiga dabam.

Haka kuma abin ya shafi binciken laifi. Tun shekarun 1920, lokacin da Calvin Goddard ya yaɗa amfani da madubin kwatanta harsasai biyu gefe da gefe, wanda ya yi aiki da shi a binciken kisan gillar Shikago na 1929, masu bincike suna karanta alamun da bindiga ke bari. Alamun da ke jikin ƙwaya daga tsagin bututu suke. Waɗanda ke gindin kwanso daga fuskar murfi da allura da ƙugiya suke, sa'an nan akwai tabon matunkuɗi daga gangar jiki. Ke nan harbi ɗaya yana ɗauke da shaidar sassa uku, kuma ba lalle ne sassan su kasance tare a kullum ba. Darasin da ke nan ga mai bincike da alƙali shi ne, bambancin kaliba tsakanin rajista da kwanson da aka tsinta bai isa a wanke bindiga ba, kuma rahoton ƙwararre ya kamata ya faɗi sashen da alama ta dace da shi. Kwanson 9mm da aka harba a murfin .40 ma yakan nuna alamun da ke tona hakan ga idon da ya san abin da yake nema.

Wannan batu ya shafi yankinmu ta fuska ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta dogara ne a kan alama da rajista da bin sawu. Yawancin bindigogin hannu na zamani da jami'an tsaro ke riƙewa, da waɗanda kwastan ke kamawa, daga masana'antun ƙetare suke zuwa, saboda haka duk sauyin da aka yi a tsarin ƙira can zai iso teburin mai rajista a nan.

8.0 Kammalawa

Mun nuna a wannan takarda cewa sauya kaliba yana da matakai uku, kuma yawan sassan da za a sauya ya danganta da yawan awon da harsasai biyu suka bambanta a kai. Mun ga cewa arhar horo da ƙa'idojin lasisi da sauyin ra'ayin hukumomi su ne suka raya wannan dabara daga Colt Ace na 1931 zuwa M17 na 2017. Mun kuma ga cewa abin da ya sauƙaƙa wa mai harbi ya wahalar da mai rajista.

Bisa ga haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, takardun rajista da na kama makamai su tanadi gurbi dabam domin lambar gangar jiki da ta murfi da ta bututu, a kuma ɗauki kaliba daga jikin bututu. Na biyu, dokokin shigo da makamai su ambaci bututu da murfi da sunansu a cikin sassan da ake neman izini a kansu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, a sa wannan darasi a manhajar horar da masu kula da rumbun makamai da jami'an kwastan da masu gabatar da ƙara, yadda duk wanda bindiga ta shiga hannunsa zai san cewa sai ya duba sassanta ɗaya bayan ɗaya kafin ya rubuta abin da take.